Bindigar da Baba Ya Zaɓa wa Yaya

Ran jajiberin Buronya, wato Kirsimeti, yaran maƙwabtanmu suka fito da 'yan abubuwan nan da ake kunna wa wuta su fashe. Ƙarar ba ta dame ni ba, don kunnena ya daɗe da yin nauyi. Warin ne ya iske ni ina zaune bakin ƙofa ina tsince shinkafa, warin albarushi, mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. Na ajiye faifan a ƙasa, na kasa ci gaba da tsintar. Da wannan warin na girma, kuma akwai abin da yake tuna min wanda ban cika faɗa wa mutane ba.

Lokacin da nake yarinya babu wannan unguwa tamu ta Nima. Muna zaune ne a tsohon zango, cikin garin Ankara, inda in iska ta juyo kana jin rurin teku daga tsakar gida. In ka bar gari ka nufi arewa, wuraren da yau ake ce wa Adabraka da Kokomlemle, ba abin da za ka gani sai ciyawa har ƙugu, da suri ja, da kukoki jefi-jefi, da gonakin rogo na Ankarawa. A can gada take, a can mazo yake, ɗan'uwanta da ya fi ta girma.

Baba ya baro ƙasar Hausa yana saurayi, bai taɓa gaya mana dalili ba. Ya shiga sojan Turawa, ya je yaƙin Kumasi, ya dawo da tabo a ƙauri. Da ya ajiye aikin sai ya kama farauta. Mutanen zango ba sa cin naman dajin da mafarautan gari ke kawowa, don ba a yanka shi ba. Baba kuwa in ya harbi dabba yakan isa gare ta da wuƙa tun tana shure-shure. Mma, mahaifiyata, ita ke banda naman ta kai kasuwa. Da shi muke ci, da shi muke sutura.

Amma ba farauta ce ta ba Baba suna ba, sanin bindiga ne. Turawa ba su yarda baƙar fata ya riƙe irin ta soja ba, wadda ake sa wa harsashi ta baya. Abin da ake sayarwa a kantunan bakin teku ita ce doguwar bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi da darma ta baki, dutsen ƙyastu ya ba ta wuta. Da yawansu kyan fenti ne kawai, ƙarfensu na banza. Kowa ya san wanda irinsu ta fashe wa a hannu. Don haka duk wanda zai saya sai ya biyo ta zaurenmu. Baba ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa, in ya ce a mayar to an mayar. Har Ankarawa suna zuwa.

Kuma bai yarda da ƙazantar bindiga ba. Iskar teku gishiri ce, kwana biyu ka bar ƙarfe sai ka tarar ya yi ja. In ya dawo daga daji, ko abinci ba ya taɓawa sai ya wanke ta. Ya toshe ɗan ramin wuta da gashin kaza, ya ɗura tafasasshen ruwa ta baki, ya girgiza, ya zubar da baƙin ruwa mai wari, ya sake, har ruwan ya fito fari. Sannan tsumma a kan sandar ɗuri, ya yi ta kai da kawowa har cikin ya bushe, sannan man alayyadi, kaɗan, don in ya yi yawa yana jiƙa albarushi. Ba ya jingina ta da bango. Yana da ƙugiyoyi biyu a ɗakinsa, nesa da ƙasa.

Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Mma, ni da Yaya. Ya girme ni da kusan shekara goma, waɗanda ke tsakaninmu duk sun koma tun suna goye. Ni ce auta, ni ce kuma mai tafasa ruwan wanke bindiga da yayyaga tsumma, don Yaya ba shi da haƙurin zama. Ina wajen shekara goma na fara lura da wani abu. Baba zai zuba ruwa ya kauce bakin bindigar ya zuba a ƙasa. Zai nemi ramin wuta da gashin kaza ya yi ta tsokanar gefe. In mutum ya yi sallama, ba ya kiran sunansa sai ya ji muryarsa sau biyu. Da na dubi idonsa a hasken rana sai na ga wani fari-fari a tsakiyar baƙin, kamar an ɗiga nono a ruwa.

Wata rana da hantsi, ba kowa a gida, ya jefa cikin bindigarsa ɗan gutsuren madubin da yake haska cikinta da shi, ya juya bakinta wajen rana, ya miƙo min.

"Leƙa ki gaya min abin da kika gani."

Na ce ina ganin wasu ɗigo-ɗigo ja wajen tsakiya. Ya gyaɗa kai, ya koya min bambancin tsatsa da rami, da bambancin karce da tsaga. Da muka gama ya kama wuyan hannuna.

"Wannan tsakanina da ke ne. Ko Mmanki."

Ba zan yi maka ƙarya ba, daɗi na ji. Ni kaɗai a duk zango na san sirrin Baba. Daga ranar, in an kawo bindiga sai ya ce a bar ta ta kwana, in mutane sun watse ni ce idonsa. A daji kuma ya daina harbi, ya bar wa Yaya, yana cewa lokaci ya yi da yaro zai koya. Mutane suna yaba masa. Haka muka yi damina biyu ba wanda ya ce uffan.

Sai tsohuwar bindigar Baba ta gaji. Bakinta ya sirance kamar ganye, maƙerin zango ya ce ba abin da zai iya yi mata kuma. Aka yanke shawara a saya wa Yaya sabuwa, tasa ta kansa. Muka tafi kanti mu uku, ni da tasa a ka, wai don in ɗauko albarushi da darma.

Ina tuna duhun kantin da warin kananzir da na sabon yadi. Akawu ya sa aka ɓalle akwati, ga su nan jere cikin ciyawa, kowace gindinta ja wur. Idon Yaya ya faɗa kan wata mai adon farin ƙarfe. Baba ya karɓa, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya buga mata bayan wuƙa ya kara kunne. Ya ajiye.

"Wannan ta rataye ce a ɗaki. Ji muryarta, kamar fasasshiyar tukunya."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana shafa tsawon ƙarfen ya ji ko ya miƙe, yana sa ɗan yatsa a baki ya ji ko kaurin ya daidaita ta kowane gefe, yana ja da kan ƙyastun baya ya ji ƙarfinsa, yana ɗora gindin a kafaɗar Yaya ya ji ko ya zauna. Duk wannan hannu da kunne ke yi, kuma hannun Baba da kunnensa ba su tsufa ba. Ya ware wata mai nauyi, marar ado. Sai ya aiki Yaya ya zaɓo duwatsun ƙyastu, ya ja ni bakin ƙofa kamar zai ba ni riƙo, ya jefa madubin ciki. Na leƙa. Cikinta sumul yake, ba rami, ba tsatsa. Na ce masa lafiya lau. Kuma gaskiya na faɗa, har gobe ina kan wannan.

Al'adar Baba, sabuwar bindiga ba ta hawa kafaɗar mutum sai an gwada ta. Ran Talata da safe aka fita bayan gari gindin wata kuka. Maza da yawa suka biyo don kallo, har da tsohon sajen da suka yi soja tare da Baba. Aka ɗura mata awo biyu na albarushi maimakon ɗaya, aka ɗaure ta jikin kukar, aka ɗaura doguwar igiya a kunamarta, kowa ya koma bayan suri. Baba ya ja igiyar. Ƙarar ta tashi tsuntsaye har daga bakin tafki. Da hayaƙi ya washe, ga bindiga nan yadda take. Baba ya kwance ta, ya jujjuya ta kusa da fuskarsa kamar mai dubawa, ya ce ta ci jarrabawa. Aka yi ta yi wa Yaya barka.

Aka miƙo min ita in goge, don ni ke riƙe da tsumma da mai. Ina goge baƙin hayaƙi daga wajen gindi, sama kaɗan da ramin wuta, sai na ga wani layi ya ƙi gogewa. Siriri kamar gashi, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba. Na tofa yawu na sake gogewa. Yana nan, baƙin ya shige cikinsa. A kanti babu shi. Ban yi tunanin inda nake ba, na ɗaga murya.

"Baba, akwai tsaga a nan."

Saje ya fashe da dariya, sauran suka bi shi. Ya ce yau ga ranar da 'yar mace ke koya wa tsohon soja bindiga. Baba ya karɓa, ya kai ta kusa da idonsa. Ina tsaye a gefensa, na ga inda yake kallo. Ya kauce wa wurin da kusan taƙi guda.

"Karcen akwati ne," in ji shi. "Wuce gida."

Bai taɓa yi min magana da irin wannan murya ba. Na tafi ina kuka, ba don tsawar ba, don na gane abin da na yi masa a gaban mutane.

Bayan la'asar ya kira ni ɗakinsa. Ya miƙo min yatsansa, na ɗora shi a kan layin. Ya bi da farce, ya sake bi. Farcen Baba kauri gare shi kamar ƙaho, bai kama komai ba. Ya ce in tsaga ce da farce ya tsaya. Na ce, "Baba, baƙin ya shiga ciki." Ya daɗe yana riƙe da ita a cinya. Can ya ce bayan Juma'a zai kai wa maƙeri, ya gaya masa wai kunamar ce ta yi tauri, shi kuma maƙeri in akwai abu zai gani da kansa. Ya ce kada in ƙara ɗaga maganar. Na ga dabarar ta yi, hankalina ya ɗan kwanta. Kwana uku ne kawai.

Ran Alhamis da hantsi wani manomi Ba'ankare, abokin Baba, ya yi sallama. Gonarsa tana can gaba da Kokomlemle, bakin wani rafi. Da Hausarsa mai gauraye da Ga, yaren Ankarawa, ya ce wani ƙaton mazo ya addabe shi, kullum da yamma sai ya shigo ya cinye masa kuɓewa. Kafin ya rufe baki Yaya ya shiga ɗaki ya sauko da sabuwar bindiga.

Baba ya ce, "Bari sai bayan Juma'a."

"Me ya sa, Baba? Ba ka ce ta ci jarrabawa ba?"

Manomin yana zaune yana kallonsu. Ni ina bakin ƙofar zaure da gorar ruwan da Mma ta ce in kawo wa Yaya. Na zuba wa Baba ido. Na jira ya faɗa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To, kada ka cika mata. Rabin awo. Sabuwa ce."

Yaya ya karɓi gorar a hannuna, ya dungure min kai yana murmushi, ya kira ni mai ganin tsaga. Maganar tana bakina. Kalma huɗu ce, Baba ba ya gani. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Na haɗiye. Na tsaya ina kallon bayan Yaya da doguwar bindigar a kafaɗa har suka sha kwana.

Ranar Baba bai ci abinci ba. Ya zauna a zaure fuskarsa wajen hanya, hanyar da ba ya gani.

Rana ta yi ja suka shigo da Yaya, manomin da 'ya'yansa biyu, cikin zane ɗaure a jikin gora. Fuskarsa baƙi ƙirin da ƙunar albarushi, hannunsa na hagu naɗe da mayafin manomin, jini yana ɗiga a turɓaya tun daga bakin zango. Ihun Mma ya tara unguwa. Aka kira wanzami, saje ma ya zo, don ya taɓa aiki gefen likitan soja. Aka kore ni, amma ina jin komai ta bango, ina jin ƙaurin man kaɗe da aka tafasa don tsai da jini. Yatsa uku sun tafi da rabin tafin hannu. Babban yatsa da ƙaramin suka rage. Zazzaɓi ya riƙe shi kwana da kwanaki, hannun ya kumbura har gwiwa, Mma tana zaune a kansa tana korar ƙuda, ba ta ko tsefe kai. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Manomin ya dawo da abin da ya rage na bindigar. Ƙarfen ya buɗe daga gindi kamar ɓawon ayaba. Aka ajiye ta a zaure, maza masu zuwa jaje suna ɗagawa suna girgiza kai. Kowa maganarsa ɗaya, kayan Turawa ba amana, in har ta wuce idon Baba to ba wanda zai iya ganewa. Wasu suka ce a tafi a yi wa mai kanti rashin mutunci. Hanya ta buɗe wa Baba, da ya yi shiru da shi ke nan. Na shigo da ruwan sha na ji ya yi gyaran murya.

"Ku bar mai kanti. Yarinya ta gani, ta faɗa a gabanku, kuka yi dariya, ni kuma na kore ta. Ni ne ban gani ba. Damina biyu ke nan ba na gani." Ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar saje. "Duk wanda na duba wa bindiga cikin wannan lokaci ya kai wa maƙeri."

Saje ya dube ni ya kau da kai. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka sa takalma.

Daga nan ba a sake kawo bindiga gidanmu ba. Mma ta koma sayar da koko da ƙosai a bakin masallaci. Yaya ya warke, da ɗigo-ɗigon baƙi a kumatunsa na dama waɗanda ba su taɓa gogewa ba. Bai yi wa Baba magana mai zafi ko sau ɗaya ba, amma dariyarsa ta ɗauke, kuma ba ya zama inda Baba yake. Da shekara ta zagayo ya bi fataken goro masu shiga jirgin ruwa zuwa Ikko. Ranar tafiya ya durƙusa gaban Baba. Baba ya lalubi hannunsa, Yaya ya miƙa na dama.

"Ɗayan," in ji Baba.

Ya riƙe guntun hannun nan da hannuwansa biyu, yana shafa tabon da babban yatsa, kamar yadda yake shafa ƙarfe in yana neman aibu. Bai iya sa masa albarka da baki ba. Damina biyu bayan haka Baba ya rasu, Yaya yana can.

Na yi aure, na haifi nawa, na aurar da su, maganar tana cikina. Kullum abin da nake gaya wa kaina shi ne, Baba tsoho ne mai kare mutuncinsa, Yaya bai sani ba, ni kaɗai ce na sani kuma nake da baki. Sai da muka tsufa Yaya ya dawo Ankara gaba ɗaya, matarsa ta rasu, ya sauka wurina a nan Nima, gidan da ɗana ya gina. Wata safiya ina zuba masa ruwan alwala, don buta tana yi masa wuyar riƙo, sai na ji ba zan iya kai wannan kabari ba. Na gaya masa duka, tun daga madubin har bakin ƙofar zaure. Na ce ya yafe min.

Ya gama wanke ƙafarsa tukuna.

"Na ga layin," ya ce. "Tun a gindin kukar, kafin ki buɗe baki. Idon Baba kuwa, wa kike tsammani bai sani ba? Ni da nake riƙe masa hannu a daji in za mu tsallake rafi? Mma da ke ajiye masa kwano wuri ɗaya kullum?"

Na ce, to me ya sa ya ɗauke ta?

"In na ajiye ta a gaban manomin nan, na gaya wa duniya Baba makaho ne." Ya yi wata 'yar dariya. "Kuma ina son mazon nan. Kada ki mai da ni waliyyi. Cikakken awo na zuba mata, rabi ba ya kashe mazo."

Na ɗauka in na ji irin wannan zan sami sauƙi. Ban samu ba. Da ina ganin ni kaɗai na yi shiru. Ashe mu huɗu ne a gida ɗaya, kowa ya sani, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri don ƙauna, har abin ya ci hannun saurayi ya kuma raba ɗa da uba.

Kafin ya rasu ya kai ni ya nuna min wurin, don ba nisa daga nan. Rafin ya zama kwata, gonar kuɓewar ta zama gidajen kwano manne da juna, inda ya tsuguna yana jiran mazo yanzu famfo ne, mata na layi da bokitai suna faɗa da Hausa da Ga da Turanci a haɗe. Jikokina ba su taɓa ganin mazo ba, ko gada sai a kasuwa, busasshiya. Ba kuma wanda ke zuwa zauren wani tsoho a duba masa abu.

Tsofaffin unguwa, tsararrakina, in mun haɗu wajen suna ko ta'aziyya, hirarsu ba ta wuce yaran yanzu. Ba kunya, ba kawaici, babba na magana suna mayarwa. Gaskiya ne, wani lokaci ni ma abin yana ƙona min rai. Amma kwanan baya na ji 'yar jikata, ba ta kai shekara goma ba, ta tare ubanta a bakin ƙofa gaban abokansa, tana ce masa tayar kekensa ta tsage kada ya hau. Ya daka mata tsawa. Ba ta matsa ba, ta riƙe keken da hannu biyu tana maimaitawa. Uwarta ta taso za ta make ta. Na ce mata ta koma ta zauna.